Sola a shagon ɗinki a Jos: shekara guda da ɗoriya, ga daɗin ga ciwon kan

Salam jama'a. 'Yan uwana teloli sun dameni da tambaya akan solar nan da na saka a shago, wasu har takowa suke su leƙa bayan kanta su ga batirin su ƙwanƙwasa shi kamar kankana, toh na gaji da maimaita magana ɗaya bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Bazan faɗi sunan kamfanin ba saboda akwai inda zan yabe su akwai inda zan caccake su, kuma har yanzu da sauran garanti a tsakaninmu.

Shagona yana wajen Bauchi Road, keke huɗu ne na wuta, sai wibin ɗaya, sai keken aiki ɗaya, yara biyar ke ƙarƙashina. Kafin sola rayuwarmu a hannun jen take. Wutar nepa in ta zo mu gode Allah, in bata zo ba a ja igiya. Lokacin da mai yake ƙasa da naira 200 ba wanda ya damu, amma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da shugaba Tinubu yace tallafi ya tafi, sai muka tashi da ɗari biyar da wani abu, kafin a ce me ya haura ɗari shida, zuwa Oktoban 2024 lita ta wuce dubu. Kuma a wannan Oktoban ne dai aka yi duhun nan da ya rufe Arewa sama da sati saboda lalacewar manyan layukan wuta, duk wanda yake Jos ya san abinda nake faɗi, cajin waya ma sai da layi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A kwanakin nan kullum jarka a hannun yarona, wani lokacin wajen 'yan bumburutu, na zauna da biro nayi lissafi naga ni da mai gidan mai muke raba kuɗin ɗinkin kuma shi ke ɗaukar kaso mai tsoka. Nan nace a'a.

A Disamba 2024 aka saka min. Fanel shida ne kowanne wat 550, inbata (na'urar da ke juya wutar fanel da batiri ta koma irin ta soket) 5kVA irin wadda take haɗa rana da nepa da jen, sai batirin litiyom guda ɗaya mai ajiye yunit biyar na wuta, irin yunit ɗin mita. Kuɗi hannu sun ce miliyan 3.2. Bani dasu, don haka na shiga tsarin biya kaɗan-kaɗan, na ajiye miliyan 1.3 (adashi na kwasa, uwargida kuma ta ara min ɗan kunnenta na gwal, Allah ya saka mata), sauran kuma dubu 210 duk wata har wata goma sha biyu. In ka haɗa miliyan 3.82 kenan, wato ƙarin dubu 620 akan farashin hannu. Sai da naje na tambayi malaminmu akan wannan ƙarin, yace tunda kaya ne aka sayar maka kuma an yanke farashi ɗaya tun farko baya hawa ba laifi, abinda zan kiyaye shine kada su ce in na makara za su ɗora wani abu a kai. Na duba takarda babu wannan. Ashe akwai wani abun da ban duba ba, zan zo kansa.

Bari in fara da daɗin. Ranar farko da muka yi aiki ba jen, wajen ƙarfe goma na safe sai naji ɗaya daga cikin yaran yana magana ƙasa-ƙasa kuma ina jinsa sarai daga inda nake yanka. Shekara takwas ina shagon nan ban taɓa sanin akwai tsuntsaye a bishiyar mangwaron bayanmu ba sai ranar. Rediyo muna ji ba sai an ƙure ba, kwastoma zai zo ayi ciniki ba ihu, farar shadda in an rataye ta bata ɗaukar warin hayaƙi, da kuwa akwai wani Alhaji da ya taɓa dawo min da babbar riga yace "Malam tela, wannan a gareji aka ɗinka ta?" Ciwon kan da nake tashi dashi duk yamma wanda nake ɗora wa hawan jini shima ya ragu sosai. Jen ɗinmu a lungu yake dab da taga, hayaƙin shigowa yake, kuma wannan hayaƙin ne dai yake kashe iyali guda cikin dare in an kwana dashi a rufe, bashi da wari ma shi ainihin gubar.

Wani abu da ban sani ba sai da injiniyan ya faɗa min, wai fanel haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake. Da zarar jikinsa ya wuce digiri 25 yana fara sauka kaɗan-kaɗan. Toh mu nan Jos da muke sama akan tsauni, mita dubu ɗaya da ɗari biyu ko fi, ga rana ga iska mai sanyi, abin ya zo mana daidai. A Fabrairu da Maris kafin azahar batiri ya cika dam, kekuna duka suna gudu, har sai inbata ta riƙa rage abinda take ja daga rufi don ba inda za'a kai wutar. Ganin haka na ja wa makwabcina mai aski waya ɗaya, yana bani dubu goma a wata, shima ya sayar da ɗan ƙaramin jen ɗinsa.

Amma Jos ɗin da ta baka ita ke ƙwacewa. Hunturu in ya sauko da ƙura, kwana huɗu kawai zaka ga wuta ta ragu, ka hau rufi ka shafa yatsa akan gilashin ka rubuta sunanka. Duk Asabar da sassafe kafin rana ta fito muke wankewa da ruwa da tsumma mai laushi, ba omo, kuma ba'a zuba ruwan sanyi akan fanel mai zafi. Sai kuma Yuli da Agusta, ku kun san yadda garin nan yake, kwana uku baka ga rana ba sai yayyafi da hazo. A lokacin batiri ko rabi baya kaiwa, dole mu tada jen da yamma. Duk wanda yace maka zaka sayar da jen gaba ɗaya in ka saka sola a Jos, ko bai yi damina anan ba ko kuma kaya yake so ya sayar maka.

Yanzu maganar da tasa ma na zauna rubutun nan. Yaron da yazo tallar, ɗan gayu da shi da ƙaramar kwamfuta a hannu, rabin maganarsa akan sauyin yanayi ne, wai zan taimaka wajen ceto duniya, wai kamfaninsu jarin kore ne ke bayansa, wato kuɗin da ake warewa don ayyukan kare muhalli. Ni a lokacin a raina nace kai dai rage min kuɗin mai, duniya Allah ya cece ta. Suka saka min manhaja a waya wadda take nuna wutar da na samu, a ƙasa kuma akwai hoton 'yar bishiya da lamba wai adadin bishiyoyin da na shuka kenan. Na tambayi injiniyan nace "Injiniya, wannan bishiyoyin a ina suke in je in sha inuwa?" yayi dariya yace "Oga lissafi ne kawai." Kuma gaskiyarsa, manhajar bata san ko wutar da na samu ta maye gurbin jen bane ko ta maye gurbin nepa, duk kuɗin goro take musu, alhali ba ɗaya bane.

Ƙanina da yake karatu a jami'ar Jos shi ya zaunar dani yayi min lissafin da na yarda dashi, don da lita aka yi shi kuma lita na santa. Yace duk litar fetur ɗaya da aka ƙona tana sakin iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, wajen kilo 2.3, dizal kuma wajen 2.7. Nace ƙarya ne, litar fetur ko kilo ɗaya bata kai ba ya za'ayi ta haifi abinda ya ninka ta uku? Yace "Yaya ai ba ita kaɗai bace, kabon ɗin dake cikin man in ya ƙone haɗuwa yake da iskar da muke shaƙa, nauyin iskar ne ya ƙaru a kai." Toh mu da muna shan lita biyar a rana, kwana 26 a wata, lita 130 kenan, in ka buga da 2.3 ya kusa kilo 300. Buhun siminti shida kenan duk wata muke aikawa sama daga ɗan lungun nan, kuma ido baya gani. A shekara ya haura tan uku da rabi. Wlh sai da nayi shiru. Yanzu in na haɗa damina da lokacin sallah na raba, bai fi lita 15 zuwa 20 muke sha a wata ba, wato buhu biyar daga cikin shidan nan sun daina tashi. Wannan ba talla bace, littafin da nake rubuta kuɗin mai yana nan duk mai so ya zo ya gani.

Ita kuwa wutar nepa, mafi yawanta daga gas ake samarwa, sauran daga ruwa, Kainji da Jebba da Shiroro da sabuwar Zungeru, don haka hayaƙinta akan kowane yunit bai kai na ɗan jen ɗina ba ko kusa, shi ƙaramin inji yawancin man zafi da ƙara yake zama. Ma'ana a ƙasar nan fanel ɗaya da ya kashe jen yafi fanel ɗaya da ya rage kuɗin mita amfani. Kuma mu 'yan Jos wutar da bata hayaƙi ba baƙuwarmu bace. Kakana yayi aikin kuza, yana bamu labarin wutar kamfanin NESCO da ake samarwa da ruwan Kurra Falls tun 1929 saboda ma'adinai, tun kafin garuruwa da yawa su san ƙwan lantarki. Abinda ake ta kira sabon makamashi yanzu, tsofaffinmu sun ga irinsa kusan shekara ɗari da suka wuce.

Sai dai tsugune bata ƙare ba, kuma wannan ɓangaren ɗan gayun bai faɗa min ba, hasali ma cewa yayi "Oga har dutsen guga zai ɗauka ba matsala." Eh yana ɗauka, da rana. Dutsen guga shi kaɗai yana cin wat dubu ko fi. Daren azumi da muke kwana a shago, in aka jona dutse akan batiri mai yunit biyar ga kekuna ga fitilu, kafin sha biyun dare inbata ta fara kuka. Me muka yi? Muka koma dutsen gawayi, wanda na jefar a sito shekara shida. Kaga an gudu ba'a tsira ba, na rage fetur na ƙara gawayi, kuma gawayin nan bishiya ce ta gaske aka sare, ba irin ta cikin manhaja ba, duk mai bin hanyar Bauchi ko ta Saminaka yana ganin buhuna jere a bakin titi. Bamu kai buhu ɗaya a wata ba ko a lokacin sallah, amma dai ya kamata a saka shi a lissafi. Yanzu dokar shagona itace duk guga a tara ayi tsakanin sha ɗaya zuwa uku na rana. Na kuma canja moton kekuna biyu, na cire irin wanda yake ta juyawa yana gurnani ko baka ɗinki, na saka irin wanda baya motsi sai ka taka, wannan kaɗai ya ƙara mana kusan awa guda da dare. Da na san haka da kafin in sayi fanel ko ɗaya zan fara canja motocin duka.

Shi kansa fanel da batirin ai ba daga sama suka faɗo ba, yawancinsu daga Chaina ake ƙera su, sama da kashi 80 cikin ɗari na fanel ɗin duniya, kuma masana'antun can da yawa da kwal suke aiki. Abinda yasa hankalina ya kwanta shine fanel yana biyan wutar da aka kashe wajen ƙera shi cikin shekara ɗaya zuwa biyu, alhali yana iya yin shekara ashirin da biyar a rufi. Batiri ne abin dubawa. Litiyom ɗin nan haƙo shi ake, har nan makwabtanmu Nasarawa ana haƙa, mu kuwa da muka tashi muna ganin kududdufan kuza da aka bari buɗe har yau suna cin yara da dabbobi, mun san abinda haƙa take bari in an kwashe an tafi. Na tambayi kamfanin in batirin ya mutu za su karɓa? Matar da ta ɗau waya tace zata tambaya ta kirani. Wata na bakwai kenan. Wani abokina da ya saka batiran tubula masu ruwa, shekara biyu suka mutu, 'yan gwangwan ya sayar wa, a gabansa suka tuntsurar da ruwan batirin a kwata suka ɗora a kura.

Toh aikin nasu fa. Sun ce sati ɗaya, sai da suka yi sati uku kafin su zo. Wayar da suka ja daga batiri zuwa inbata siririya ce, wata rana na taɓa naji zafi kamar kofin shayi, na kira suka zo suka canja ba musu, wannan na basu. Babbar ta'asar itace basu binne ƙarfen tsawa ba kuma basu saka abin kare inbata ba, a Jos fa, garin da ruwan farko yake zuwa da tsawa wani lokacin har da ƙanƙara. A Afrilu aka yi wata tsawa da la'asar, muka ji ƙas, sai warin ƙonewa, inbata ta mutu. Da farko cewa suka yi garanti bai shafi tsawa ba. Nace toh wa ya kamata ya saka kariyar, ni tela? Kwana goma sha tara muna ja, muna kan jen, ga kuɗin wata yana tafiya, daga ƙarshe suka gyara kyauta ni kuma na biya dubu 85 na ƙarfen da abin kariyar. Dan Allah duk wanda zai saka, a rubuta wannan cikin takarda tun farko.

Sai abinda nace ban duba ba. Saura kwana huɗu babbar sallah, kuɗin wata ya kama, ni kuma kuɗina duk suna hannun mutane sai an karɓi ɗinki, na makara kwana biyu kacal. Ƙarfe tara na safe rana tsaf a sama, kekuna suka tsaya cak. Yarona yace "Oga an ɗauke." Nace wa ya ɗauke, rana? Ashe daga ofis suke iya kulle inbatar ta intanet, yana cikin takardar da ƙananan rubutu. Ga kaftani sun fi arba'in a rataye, ga wani dattijo zaune akan benci yana jiran wandonsa, ya kalleni yace "Ɗana, ita ma ranar sai an biya ta ne?" Sai da na ranci kuɗi wajen mai POS na tura, minti ashirin wuta ta dawo. Haƙƙinsu ne ban musa ba, amma saƙo ɗaya na gargaɗi ai bazai gagara ba, ga mutumin da ya biya wata biyar a jere ba fashi.

Wannan ne ya dawo dani kan maganar jarin koren nan. Muna ji a rediyo, a 2017 gwamnatin tarayya ta sayar da takardun bashi na ayyukan muhalli na naira biliyan 10.69, na farko da gwamnatin wata ƙasa ta fitar a Afirka, a 2019 aka ƙara na biliyan 15. A 2021 marigayi Buhari yaje taron Glasgow yayi alƙawarin zuwa 2060 Najeriya zata daidaita hayaƙin da take fitarwa ya koma sifili, a shekarar kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. A Disamba 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don sola ta hannun hukumar samar da wuta a karkara, ana so ya kai ga mutum miliyan 17.5. Duk da kyau, kuma na san akwai ƙauyuka da kasuwanni da suka samu. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Ni abinda ya iso shagona shine ƙarin dubu 620, kuma ban ga laifin kamfanin sosai ba tunda a lokacin ruwan da babban banki ya tsayar ma kashi 27.5 ne, su ma da tsada suka samo kuɗin. A layinmu kaɗai jen sun fi ashirin, mai walda, mai niƙa, mai fotokwafi, masu aski, ba ɗaya a cikinsu dake son hayaƙi, duk wanda ka tambaya zai ce yana so ya saka, miliyan ɗayan farko ce babu. Afirka gaba ɗayanta hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba, don haka ba sai an zo ana mana wa'azin ceto duniya ba, a bamu bashi mai sauƙi na shekara uku wanda biyansa bai wuce kuɗin man da muke sha ba, zaka ga jen suna mutuwa da kansu.

Don shekarar farko gsky ban ji sauƙi ba, da mai da bakin mai da gyara ina kashe wajen dubu 145, sai gashi ina biyan dubu 210 ga ɗan man damina. Sai da na gama biya a Disambar 2025 sannan na fara numfashi. A lissafina sai nayi wajen shekara biyu da rabi kafin kuɗina su dawo, in batiri bai bani kunya ba.

In maki zan bayar, kayan kansu takwas cikin goma, injiniyan da yake zuwa tara don yaron kirki ne ko ƙarfe goma na dare ka kira zai ɗauka, ofishinsu kuma huɗu, shima don sun gyara inbatar ne. Ɗan kunnen uwargida saura dubu ɗari da hamsin in maida mata, bayan shi batiri na biyu nake hari kafin azumi mai zuwa, in dutsen gawayin nan ya koma sito.